Tambaya da Amsa: Su "oh" da "oops" da "OK", me suke nufi kuma wa ake faɗa wa?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk kan abu ɗaya suka faɗa, 'yan guntayen kalmomin nan na Ingilishi da mutum ke furtawa in ya ji mamaki ko zafi ko haushi, waɗanda malaman nahawu ke ce ma kalmomin motsin rai. Kuma dole a yi tambaya, don mu nan Damagaram da Faransanci muka yi lakwal, Ingilishi sai an shiga kolej ake fara shi, amma ga Kano nan wajen kilomita 240 kawai, kaya daga can fim daga can waƙa daga can, ga WhatsApp ga TikTok a hannun kowane yaro, sannan ga kundin sake gina ƙasar Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 da ya mai da Hausa harshen ƙasa ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ingilishi dai ya shigo gida, kuma waɗannan 'yan mitsi-mitsin su suka riga sauran shigowa. Kamar ƙananan kuɗin canji suke a kasuwa, ba mai ɗaukarsu a bakin komai amma in babu su ciniki ba ya tafiya. Bismillah.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina turwaziyem bana zanyi BEPC in sha Allah, mushenmu na angile ya bamu wata hira mu hardace akwai oh da wow da oops da ouch aciki, na duba ƙamus duk kusan abu ɗaya yake cewa wai kalmar mamaki ce ko ta jin zafi, ni wlh na kasa gane banbancinsu kuma inajin kunyar tambaya a aji. Dan Allah a taimaka.
Daga wata ɗaliba, unguwar Birni

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a a jarrabawa, kuma ki daina jin kunyar tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba, sai dai irin waɗannan kalmomin rabin ma'anarsu a murya take, shi kuwa ƙamus ba shi da murya.

Mu fara da "oh" don ita ce uwarsu. Asalin aikinta ta nuna wani labari ya iso ki yanzun nan, da ba ki sani ba yanzu kin sani, daidai da au ko af ko ashe tamu. Ƙawarki ta ce miki an ɗage jarrabawa zuwa Litinin ki ce "oh", wato au ashe haka ne. In kika ja ta da tsawo murya na sauka, ohhh, to yanzu na gane kenan. Daga nan sai ta riƙa ɗaukar 'yan rakiya kuma kowane da inda yake kai ta, "oh no" kash ce ko ayya, "oh really?" iye da gaske?, "oh well" kuma to ya za a yi, an haƙura. Wadda nake so ki kiyaye ita ce "oh please", saboda kin san please roƙo ne sai ki ɗauka ladabi ne, alhali yawanci haba dai ce, wato kar ka raina mini hankali. Kada ki kuskura ki faɗa wa mushe ita. Sannan kar ki haɗa "oh" da oho tamu ta ban sani ba ba ruwana, kar kuma ki haɗa ta da "o" ɗin da 'yan Najeriya ke liƙawa a ƙarshen magana, "sorry o", "thank you o", wannan ƙarfafa zance ne irin na Ingilishin can, Bature ba ya yin sa.

"Oops", ana faɗinta ups, ta ɗan ƙaramin kuskure ce da mutum ya yi da kansa, alƙalami ya suɓuce, kin tura saƙo ga wadda ba ita kika nufa ba, kin ɓarar da ɗan ruwa a tabarma. Faransawa ma ara suka yi suka mai da ita "oups". Wani masani haifaffen Kanada da ya koyar a Amurka, Erving Goffman, ya yi rubutu kan irin waɗannan kalmomi a 1978, ya nuna cewa ko da yake kamar da kansa mutum ke magana, na kusa da shi yake sanar wa cewa na ga abin da na yi, suɓuta ce, hankalina na nan. Shi ya sa sharaɗinta abin ya zama ƙarami. Ɗan kabu-kabu ya buge tsohuwa ya ce ups, ai ranar sai an ƙwace shi a hannun jama'a, nan wurin salati ne da ban haƙuri.

"Ouch", awuc, ko "ow", ta jin zafi ce a jiki, wayyo ko wash, "aïe" ta Faransanci. Suna kuma faɗinta in an gaya wa wani magana mai zafi a gabansu ko an faɗa musu farashin da ya soke su. Amma ki lura da yayyenki in suna zaune a fada da yamma, mai dafa shayi ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa a ɗan kofi don ya yi kumfa, ana kallon salula ana ta waw ana ta oke, da ruwan zafin nan ya ɗiso masa a bayan hannu wayyo zai ce yana yarfe hannu, ko tunawa ba zai yi ba akwai awuc a duniya. Kukan zafi da harshen da aka sha a nono yake fita, don haka ki koyi "ouch" don ki gane ta in kin gani a takarda, ba sai kin tilasta wa bakinki ba.

Ita kuwa "wow", waw, mamaki ne haɗe da sha'awa, kai! ko tabɗi! Mutane na ɗauka ta zamani ce amma tsohuwa ce tukuf, an same ta a rubuce tun 1513 a wata fassara da wani mawaƙin Sukotilan mai suna Gavin Douglas ya yi. Ni dai shawarata in jaririn mutane aka nuna miki ko sabon ɗinki ko sakamakon jarrabawa, ki sa masha Allah ko tubarkalla a gaba, waw kaɗai ba ta ɗauke da addu'a kuma kin san yadda iyayenmu ke gudun baki. Akwai kuma "wow" da ake rubutawa ita kaɗai da ɗigo a saƙo bayan an yi wa mutum abin da bai zata ba, wannan ta ɓacin rai ce, kamar a ce lallai ma.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina da shago a kasuwar Dolé ina saida kayan salula, caja da batir da gilas. Wanda nake sayen kaya gurinsa a Sin da Ingilishi muke magana ta WhatsApp, yarona ke rubuta min. Na roƙe shi ragi kuma nace ya sa kayan su taso cikin watan, ya rubuto ok, na tura kuɗi akan farashin da na faɗa, daga baya yace shi bai yarda da ragi ba ya dai ga saƙo ne kawai, sai da na cika kuɗi. Shin ok ba na yarda bane? Ko cutata yayi?
Daga wani ɗan kasuwa, Dolé

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Abin da ke zuciyarsa Allah kaɗai ya sani, amma kalmar kam ta ba shi ƙofar fita, don haka take. OK ita ce "to" tamu sak. Kai ma ka sani in ka gayyaci mutum suna ya ce to, ba lallai ka gan shi ba, in ka yi wa yaro faɗa ya ce to, ji ya yi ba lallai ya yarda ba, in ka taya kaya mai shi ya ce to kawo, wannan ce ta sallamawa. OK ma duk tana ɗaukar waɗannan, na ji, na gane, na yarda, ya isa haka. In aka ɗaga murya a ƙarshe tambaya ce, ka gane ko? In aka ja ta okeee, mai ita bai gamsu ba.

Don haka maganar kuɗi ba a rufe ta da OK. Ka sa yaronka ya rubuta komai a saƙo ɗaya, adadin kaya, farashin kowane ɗaya, jimla, ranar da za su taso, sannan ya ƙare da "please confirm", kuma kar ka tura ko dala sai ya amsa da "confirmed" ko "agreed" ko ya maimaita farashin da hannunsa, in so samu ne ma ya turo faktir da sabon farashin a jiki. In bokal kuke yi, wato saƙon murya, to a bi bayansa da rubutu. Kar ka ji nauyin haka kar ka ga kamar rashin yarda ne, ai Alƙur'ani ma a ayar bashi ta cikin Baƙara cewa ya yi a rubuta.

Tunda an taɓo ta bari in ƙara wasu wuraren da take rikita mutane. Ka miƙa wa Bature abinci ya ce "I'm okay", ƙin karɓa ya yi cikin ladabi, na gode na ƙoshi. Ka tambaye shi ya ya ga kayan ya ce "it's okay", ba yabo ba fallasa kenan, ba su burge shi can-can ba, amma in haƙuri ka ba shi ya ce "it's okay" to ba komai ya wuce. Ɗan Najeriya kuma kana zuba masa shayi ya ce "it's okay", ya isa yake nufi. Samari kuma su sani harafin "k" shi kaɗai a saƙo mutane da yawa fushi ko ƙosawa suke karantawa a ciki, ba a aika wa babba shi.

Asalinta ma abin sha'awa ne. An fara ganinta a buge ranar 23 ga Maris 1839 a jaridar Boston Morning Post ta Amurka, lokacin 'yan jarida na yayin rubuta kalmomi a karkace da gangan suna taƙaita su don raha, sai "all correct", wato komai daidai, ta koma "oll korrect" ta koma O.K. Da ta mutu kamar yadda sauran 'yan uwanta suka mutu, sai ga zaɓen 1840, shugaba Martin Van Buren na neman zarcewa kuma laƙabinsa Old Kinderhook, daga sunan garinsu a jihar New York, magoya bayansa suka kafa ƙungiya suka sa mata O.K., shi ya faɗi zaɓe ita kalmar ta tsira. Farfesa Allen Walker Read na jami'ar Columbia ne ya tono wannan tarihin a 1963 da 1964. Akwai masu cewa daga Wolof na Senegal ta je can ta bakin bayi, akwai masu cewa daga harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka, amma hujjar da ta fi ƙarfi a rubuce ta Boston ce.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗana ne ya je karatu jami'a a Najeriya, ya dawo hutu in na kira shi sai yace min "yeah?" in bai ji ba yace "huh?" ran nan kuma naji yace ma kawunsa "hey" daga bakin zaure. Ni ban yi lakwal mai zurfi ba ƙanwarsa ce ta rubuta min su, amma raina bai so ba. Zagi ne ko ko haka Turancin yake?
Daga wata uwa, Zango

AMSA: Hajiya, ba zagi ba ne ki kwantar da hankalinki, amma ranki da bai so ba yana da gaskiya. "Yeah" ita ce "yes" ta tsakanin abokai, e ko i. "Hey" kira ne kamar kai! ko ke!, Amurkawa kuma na gaisawa da ita tsakanin sa'anni. "Huh?" kuwa iye? ce, me ka ce? Dukansu ukun na tsara da tsara ne.

Ita "huh" har bincike aka yi a kanta. A 2013 wasu masana uku na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka saurari hirarrakin mutane da aka naɗa a harsuna 10, har da Siwu na ƙasar Gana da Rashanci da Sinanci da Italiyanci, suka ga kowane harshe na da 'yar gajeriyar kalma mai kusan wannan sautin da ake jefawa in ba a ji magana ba. Faransawa "hein?" suke cewa, mu iye? Wato ɗanki bai zo da baƙon abu ba, iye ya ce miki da Turanci. To da Hausa zai ce miki iye? in kin kira shi? Ba zai ce ba, don tun yana ƙarami kin koya masa na'am.

Su masu harshen ma ba sa son yaro ya ce wa babba "huh?", iyaye da yawa a Ingila na gyara wa 'ya'yansu su ce "pardon?" ko "sorry?", a kudancin Amurka har yau akwai gidajen da yaro ba ya amsa wa babba sai da "yes ma'am" ko "yes sir". Abin da ke faruwa da yaranmu shi ne Ingilishin da ke shiga kunnensu na fim ne da waƙa da hirar ɗakin kwanan ɗalibai, duk maganar sa'anni, ba su taɓa zama sun ji yadda Bature ke magana da kakarsa ba, sai su kwaso na titi su shigo da shi zaure suna ganin wayewa ce. Wannan abu na damuna ƙwarai, don ina ganinsa har ga yara masu tarbiyya da ba su nufin komai. Na'am in aka faɗe ta an amsa kira kuma an gaya wa mai kiran na san girmanka, "yes" kaɗai ba ta ɗaukar wannan nauyin sai an jingina mata sir ko ma'am.

Ki kira shi ɗaki ku biyu, ba gaban ƙannensa ba, ki ce masa kin ji daɗi da ya iya Turanci Allah ya ƙara basira, amma ke na'am kike so, kawunsa kuma a je har gabansa a durƙusa a gaishe shi. In ɗan albarka ne, kuma in sha Allah shi ne, sau ɗaya za ki faɗa.

TAMBAYA: Malam ni direba ne a wani furoje, akwai wata Baturiya 'yar Ingila da muke aiki tare, ran nan muna hanyar Mirya ta buge kai da ƙofar mota nace mata sorry, sai tace min wai ai ba laifina bane, na rasa mi zance. Kuma in ina mata magana tana ta uh-huh uh-huh wani lokaci kuma uh-uh, ni duk ɗaya nake jinsu.
Daga wani direba, Sabon Gari

AMSA: Ɗan'uwa, sannu kake nufi ita kuma ban haƙuri ta ji. Mu sannu muke ce wa wanda ya yi tuntuɓe da mara lafiya da wanda ya dawo daga gona ba tare da mun yi masa komai ba, 'yan Najeriya da Gana suka ɗora irin wannan nauyin a kan "sorry" har ya zauna a Ingilishinsu. A wurin ɗan Ingila kuwa "sorry" ita kaɗai a irin wannan wurin ta fi karkata ga na yi laifi a yafe ni. Abin da za ta zata daga gare ka shi ne "are you okay?", wato ba ki ji ciwo ba ko, ko ka ce "ouch" a madadinta don ta san ka ji mata. In rasuwa aka yi mata ko wani babban rashi nan kam suna cewa "I'm so sorry" ko "sorry to hear that". Amma ba ka yi abin kunya ba, kuma da ni ne sai in koya mata sannu ɗin tunda ƙasarmu ta zo.

Su biyun nan kuwa ka buɗe kunne da kyau don akasin juna ne, kuma direba bai kamata ya rikita su ba. "Uh-huh" akwai ɗan huci a tsakiya kuma muryar hawa take a ƙarshe, ita ce e, ina jinka, ci gaba. "Uh-uh" yankewa take a maƙogwaro a tsakiya, irin yankewar da ke cikin a'a tamu, muryar na sauka, kuma ma'anar ma a'a ce. Ka riƙe wannan, wadda ta yi kama da a'a to a'a ce. Akwai ta uku "uh-oh", ita ma da yankewar, ma'anarta ga matsala nan tafe, irin in ta ga taya ta fara sacewa. In maganar a juya ce ko kar a juya, ka ce ta faɗa maka yes ko no ƙarara.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, muna gardama a fadarmu akan OMG da gosh da jeez, wasu sunce kiran Allah ne ba komai wasu sunce haramun ne. Mi gaskiyar magana?
Daga wani matashi, Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam. Hukunci na malaman addini ne, ga su nan unguwarku ba su ƙare ba, ni ma'ana zan ba ku ku kai musu. OMG taƙaitawar "oh my God" ce, ya Allahna ko wayyo Allah. Ta girmi intanet nesa ba kusa ba, an same ta a wata wasiƙa da wani tsohon hafsan sojan ruwan Ingila, Lord Fisher, ya aika wa ɗan siyasar Ingila Winston Churchill a 1917, ƙamusun Oxford kuma ya shigar da ita a 2011 tare da LOL ta nuna dariya. "Gosh" kalmar God ce aka karkata ta da gangan, saboda a cikin dokoki goma da Yahudawa da Kiristoci ke riƙe da su akwai kada a ambaci sunan Ubangiji a banza, sai masu tsoron haka suka riƙa kauce wa sunan. "Gee" da "jeez" su kuma daga Jesus aka yanko su, wato sunan Annabi Isa alaihis salam a bakinsu, wannan ya kamata Musulmi ya san abin da yake faɗa kafin ya faɗa, Kiristoci masu riƙo da addini da yawa su ma ba sa son a riƙa jefa sunan haka.

Wanda ya fi damuna ma ba a tambaye ni shi ba. "Damn" tsinuwa ce, "shit" kashi ne, ita kuma mai farawa da F da ta cika waƙoƙin Amurka batsa ce tsagwaronta, gidajen rediyo da talabijin na can ma da ƙara suke toshe ta, amma ina jin yara 'yan kolej na jefa su a kan titi kamar suna cewa kash. In ba za ka iya faɗin fassarar kalma da Hausa a gaban mahaifinka ba to ka bar ta ko da Turanci ne. Mu da ke da subhanallahi ta mamaki da innalillahi ta firgici da a'uzubillahi ta ƙyama, kowace da wurinta kowace da ladarta.

TAMBAYA: Malam a taƙaice dan Allah, aww, ugh, eww, phew, meh, hmm, well.
Daga wata ɗaliba, jami'ar André Salifou

AMSA: Ƙanwata, "aww" ayya ce, ta tausayi ko ta ganin abu mai ban sha'awa kamar jariri. "Eww" ƙyamar ƙazanta, "beurk" ta Faransanci, "ugh" ta fi ta faɗi don tana ɗaukar gajiya da abu, wurin da mu za mu ja tsaki. "Meh" hakanan dai, bai burge ni ba. "Phew" ajiyar zuciya ce an tsallake rijiya da baya, kuma nan masu Faransanci ke rikicewa don "ouf" tasu ita ce wannan, amma "oof" ta Ingilishi mai kama da ita sautin wanda aka nausa a ciki ne ko wanda ya ji labari mara daɗi. "Hmm" kin san ta, tunani ko shakka, a saƙo kuma sau da yawa alama ce akwai maganar da aka haɗiye.

"Well" ce ta cancanci a ɗan tsaya. In ta zo a farkon magana ba ruwanta da lafiya ko da kyau, aikin "bon" na Faransanci take yi, ko to dai tamu. Kin tambayi mutum abu ya fara da "well" ya ɗan ja, ki shirya, amsar da ke tafe ko ba wadda kike so ba ce ko tana da amma a ciki. Aiki kika nema ko biza ko ƙarin lokacin miƙa memuwar, ki kasa kunne da kyau ga abin da ya biyo bayanta.

TAMBAYA: Abokin aiki, ni mushen angile ne a wani CEG a Magariya. Ɗalibaina sun fara cusa min wow da oops da abeg da chai a rubutun jarrabawa. In soke ko in ƙyale? Wasu abokan aikinmu na cewa duk ba Ingilishi bane.
Daga wani malamin makaranta, Magariya

AMSA: Mushe, sannu da ƙoƙari Allah ya biya. "Wow" da "oops" Ingilishi ne cikakke suna cikin ƙamus, kuma nahawun gargajiya na Ingilishi ya lissafa kalmomin motsin rai a matsayin ɗaya daga rukunan kalmomi 8. Masanin harshe ɗan Gana Felix Ameka ya yi rubutu a 1992 yana kukan cewa kowane harshe na da su amma masana sun yi watsi da su, kuma a aji ma haka ake yi, a kwashe wata da watanni kan fi'ili a tsallake waɗannan a layi ɗaya. Saboda haka wurin da aka sa su za ka duba. In hira aka ce su rubuta ko wasiƙa ga aboki ko labarin da mutane ke magana a ciki, ɗalibin da ya sa "oops" inda ta dace maki ya kamata ka ƙara masa. In wasiƙar neman aiki ce ko sharhi kan wani batu, ka ja layi ka rubuta masa dalili a gefe kar ka soke kawai. Ka nuna musu waƙafi ne ke bin mai sanyi irin "well" da "oh", alamar motsin rai ke bin mai ƙarfi, guda ɗaya ba uku ba, kuma Ingilishi ba ya barin fili kafin alamar kamar yadda Faransanci ke yi.

"Abeg" da "chai" da "ehen" na Najeriya ne, har da haba tamu da ta shiga bakin 'yan kudu. Ba abin raini ba ne, Oxford ma a watan Janairun 2020 ya shigar da kalmomi 29 na Ingilishin Najeriya ciki har da "sef" da "okada" da Kannywood, kuma yaron Magariya da zai yi ciniki a Kano ko Legas zai amfana da su. Sai dai mai gyaran takardar BEPC ba su yake nema ba, ɗan Ingila ko Indiya kuma ba lallai ya gane su ba. Ka gaya musu haka ƙarara su san wacce ta ina ce.

Ga wani abu da za ka gwada ko da ɗalibai sun yi yawa a ajin. Ka rubuta "oh" kaɗai a allo, ka tsaya ka riƙa jefa musu labari da Hausa, an ba da hutu gobe, akuyar maƙwabci ta cinye littafinka, ƙanenka ya ce ya fi Messi iya ƙwallo, kowane layi su amsa da irin "oh" ɗin da ta dace, sannan su faɗi ta Hausar da za su ce a gida, au ko kash ko haba dai. Minti 10 ya isa, kuma 'yan bayan aji da ba sa buɗe baki su za ka ji sun fi kowa ɗaga murya.